Kundin aiki: kwafar zanen mashayan Hogarth a kan allon jan ƙarfe

3 ga Nuwamba

An tsayar da abin da za a kwafa. Zanen William Hogarth ne, ɗan Landan da ya rayu daga 1697 zuwa 1764, wanda ya fitar a 1733 da sunan A Midnight Modern Conversation, wato hirar tsakar dare irin ta 'yan zamani. Sunan kansa ba'a ne, don babu mai sauraron wani a ɗakin. Maza 11 ne kewaye da tebur da ƙaton kwanon barasa, agogon tsaye ya nuna ƙarfe 4 na asuba. Wani ya yi barci a kujera, wani yana neman kunna lofe da kyandir amma hannun rigarsa yake cinna wa wuta, jaridu na leƙowa daga aljihunsa. Limamin coci ne kaɗai ke zaune daram, lofe a baki, ludayi a hannu, da gani ba yau ya fara ba.

Faɗin na asalin ya kusa santimita 47, ya yi wa injin bugun da ke hannu girma. Za a ɗauki yanki ɗaya a allo mai santimita 20 da 25: kwanon, limamin, mutumin da ya kife a ƙasa hular gashinsa ta fice, da mai tangaɗin da ke tsiyaya masa kwalba a ka. An zaɓi nan ne don ya haɗa abubuwa uku da ake son koyo: fuska, ninkin tufa, da duhun bayan ɗaki. An sauko da hoto mai kaifi daga rumbun intanet na gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, an buga shi daidai girman yankin, an kuma buga wani ninki uku don bin layi ɗaya bayan ɗaya.

Hanya biyu Hogarth ya haɗa a allo guda, haka za a bi. Ta farko a shafe allo da kaki, a zana da allura, ruwa mai cin ƙarfe ya ci inda aka buɗe. Ta biyu a yanka ƙarfen kai tsaye da alƙalamin ƙarfe. Ko ta wace hanya, tawada ake cusawa a cikin layukan, injin ya danna ta a kan takarda. Wannan ta biyun ita ce sana'arsa ta fari, don a shagon Ellis Gamble, mai zane a kan kayan azurfa, ya yi almajiranci.

6 ga Nuwamba

Sayayya: allon jan ƙarfe 2 masu kaurin milimita 1.2, naira 34,000. Ruwan ferik kulorayid lita 2 daga masu kayan lantarki, irin wanda ake cin allon rediyo da shi, naira 16,000. Garin sitirik asid naira 2,500. Samfefa lamba 600 da 1200 da 2000, naira 3,000. Kakin zuma, alli, binega, kyandir da safar roba, naira 6,500. Jimla 62,000, ban da takarda da tawada.

8 ga Nuwamba

Gyaran allo. An kwantar da gefuna huɗu da magagari, kwanciyar digiri 45, an kashe kaifin kusurwoyi. Wanda ya tsallake wannan zai ga allo ya yanka takarda, wani lokaci har da bargon injin, bargon kuwa ya fi allon tsada. Sai guga da samfefa a jiƙe, daga 600 zuwa 2000, kowace lamba a juya hannu ta gicciye ta baya, don a gane lokacin da ƙarcen baya ya ɓace. Duk ƙarcen da farce ya ji, takarda ma za ta nuna shi.

Cire maiƙo: garin alli da binega a kwaɓa kamar kunu, a goge, a ɗauraye. Gwajinsa shi ne a zuba ruwa. In ya kwanta shimfiɗe a ko'ina, allo ya fita. In ya tsattsage ya taru ɗigo-ɗigo, da sauran maiƙo. Sai a karo na uku ya kwanta. Daga nan ba a ƙara taɓa fuskar allon da yatsa.

11 ga Nuwamba

Shafen kaki ya ƙi. Tsohon haɗin shi ne kakin zuma kashi 2, busasshen bitumin kashi 2, ƙaron rozin kashi 1. Da ba a samu bitumin na masu zane ba, wanda shi ma nau'in kwalta ne, sai aka gwada kwaltar titi, aka narka ta da kakin a gwangwani. Kuskure ne, kada wani ya maimaita. Kwaltar titi tana da mai a jikinta, ba ta bushewa ƙarau. Bayan awa shida shafen yana nan da danƙo, allura in ta bi sai layin ya koma ya rufe a bayanta. Ga kuma tsakuwa ƙanana da ke barin huji. An wanke da kananzir, an koma cire maiƙo daga farko. An yi odar dunƙulen kaki na musamman, wanda ake yi don wannan aikin, naira 14,000 har da kuɗin kawowa.

12 zuwa 18 ga Nuwamba

Jira. An yi amfani da kwanakin wajen nazarin hoton da aka ƙara wa girma, da fitar da kwafin layukan waje a takardar kwafi mai shara-shara.

Abin da ya fito fili: maye a zanen nan ba a hargitsa layi aka nuna shi ba. Layukan a natse suke ƙwarai. Bango, tebur da agogo duk a miƙe suke, mutanen ne kawai suka karkace, kowa da nasa gefen, shi ya sa ido ke jin ɗakin na juyawa. In mai kwafa ya bar hannunsa ya yi rawa wai don ya nuna buguwa, ya ɓata abin. Haka Hogarth ya yi a allo na 3 na jerin zanensa A Rake's Progress, na 1735, inda Tom Rakewell, mai labarin, ke sheme a mashayar Rose ana zare masa agogo, ga sanda da fitilar mai gadin dare yashe kusa da shi.

19 ga Nuwamba

Kaki ya iso. An ɗora allon a kan farantin ƙarfe mai kauri bisa ƙaramar wuta, zafin da yatsa ba zai daɗe a kai ba amma kakin bai yi hayaƙi ba. In ya yi hayaƙi ya ƙone, zai riƙa ɓallewa a ƙarƙashin allura. An diga shi wuri shida, an baje da dunƙulen fata mai laushi har ya zama siriri, launin shayin da ba madara. Tun da ɗuminsa aka kife shi sama, aka bi da harshen kyandir uku da aka murɗe wuri ɗaya. Harshen wutar ne zai lashi kakin, lagwanin kada ya taɓa, hannu kuma kada ya tsaya. Baƙin da ya hau shi ke sa layin jan ƙarfe ya yi ƙyalli a ga abin da ake yi.

Hunturu ya fara, ƙura ita ce abokiyar gaba. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan kaki mai ɗumi huji ce. An yayyafa ruwa a daɓe, an rufe taga, allon ya huce a ƙarƙashin kwali.

21 ga Nuwamba

Haɗa ruwan ci. An bi haɗin da ake kira na Edinbura: ferik kashi 4, ruwan sitirik kashi 1. Shi ruwan sitirik ɗin, gari kashi 1 ne a ruwan ɗumi kashi 3. A aikace: ferik lita 1.6, ruwa mililita 300, gari mililita 100. Amfanin sitirik shi ne hana dattin da ferik ke fitarwa zama cikin layi ya toshe ci. A zamanin Hogarth ba da wannan ake yi ba, ruwan da suke kira akwa fotis suke amfani da shi, mai ƙarfi da tururi mai cutarwa. Ferik ba ya irin wannan tururin, amma yana ɓata tufa da daɓe da tabon tsatsa da ba ya fita, kuma bai kamata ya shiga ido ba. Roba kawai ake zuba shi, ban da kwanon ƙarfe.

Gwaji a ɓallen jan ƙarfe: layuka iri ɗaya, ana rufe kashi-kashi da fenti mai hana ci bayan minti 5, 10, 15, 20, 30 da 45. Da safe ruwan yana digiri 19, na minti 10 da ƙyar ya riƙe tawada. Da azahar yana digiri 28, minti 10 ɗin ya ba da layi sosai. Don haka duk ci za a riƙa yi tsakanin ƙarfe 1 da 3, a auna zafi kafin a tsoma.

23 ga Nuwamba

Mayar da zane kan allo. Abin da ke dama a allo hagu zai fito a takarda, don haka an kife takardar kwafin, an shafa jan alli a bayanta, an bi layukan da fensiri mai tauri ba tare da dannawa ba. An jingina hoton asali gaban madubi, madubin ake kallo ana aiki. Masu satar zanen Hogarth da yawa ba su damu da wannan ba, suna kwafa yadda suka gani, nasu ya fito a juye. Yana daga cikin alamun da ake fara dubawa in ana tantance tsohon bugu.

24 zuwa 29 ga Nuwamba

Aikin allura, awa uku-uku. Layukan waje, ninkin riguna, katakon daɓe, zanen jikin kwanon da ɓawon lemon da ke rataye a bakinsa. Ba a taɓa fuska ko hannu ba, an bar wa alƙalamin ƙarfe. An ɗora katako a kan tubali biyu ya zama gada, hannu na kansa, don ɗumin tafi na tausasa kaki.

1 ga Disamba

Ci na farko. An rufe bayan allon da tef mai faɗi, an tsayar da shi a tsaye cikin ruwan, digiri 27. Minti 8, a fitar, a ɗauraye, a busar, a rufe wurare masu haske: kwanon, farar rigar ciki, saman tebur. Ƙarin minti 12, a rufe tufafi. Ƙarin minti 25 na duhun bango da ƙarƙashin tebur. Jimlar mafi zurfi minti 45.

2 ga Disamba

Bugun gwaji na farko, kuma babbar matsala. Kwanon da riguna sun fito lafiya. Duhun bayan limamin kuwa, inda ake son baƙi ƙirin, ya fito toka-toka mai dabbare-dabbare, kamar bangon da ruwa ya jiƙa.

Da aka duba da gilashin ƙara girma dalili ya bayyana. A wurin an jera layi kusan 14 a kowace santimita, aka gicciya su hawa uku, duka a shafe ɗaya. Ruwan ci ba ƙasa kawai yake ci ba, yana cin gefe ma. A minti 45 ya cinye 'yan tsibiran ƙarfen da ke tsakanin layukan, suka rufta, wurin ya zama kwari ɗaya mai faɗi marar zurfi. Tawada kuwa a cikin tsagi take maƙalewa. In wuri ya buɗe, tsumman goge sai ya shiga ya kwashe ta, ya bar baƙi a gefuna kawai. Wato yawan layi bai kawo duhu ba, ya kore shi. Faɗin ɓarnar ya kai santimita 4 da 3.

An koma hoton asali. Duhun Hogarth ba cunkoso ba ne. Ko a wuri mafi baƙi ana ganin 'yan fararen lu'ulu'u tsakanin layukan da suka gicciye, su ke sa duhun ya yi numfashi, a ji da hasken kyandir a ɗakin. Layin ne ke kumbura ya yi kauri, tazarar ba ta matsewa.

Akwai kuma ɗigo-ɗigo kamar 30 a kusurwar sama, inda ƙura ta huda kaki. Waɗannan masu sauƙi ne, magogi, wato ƙarfe mai santsi da ake murza allo da shi, zai danne su.

4 zuwa 7 ga Disamba

Gyara. An kankare kwarin da makankari mai baki uku, ana faɗaɗawa zuwa gefe don kada ya zama rami mai bango. Wurin ya yi ƙasa da sauran allon, in aka bar shi haka takarda ba za ta kai ba. An auna daidai bayansa da ma'auni mai ƙafa biyu, aka yi alama, aka kife allon a kan ƙarfe mai santsi da takarda a tsakani, aka riƙa bugun bayan da ƙaramar guduma a hankali har fuskar ta taso. Bugu da yawa marasa ƙarfi, ana dubawa da bakin rula. Sai gawayi da mai, sai magogi. Kwana huɗu a kan wurin da bai kai tafin hannun yaro ba.

9 ga Disamba

Sabon shafe a kan allon da aka riga aka ci. Dole kakin ya shiga tsofaffin layuka ya cika su, in ba haka ba ruwa zai sake cin su ta gefe. Ba a yi hayaƙi ba wannan karon don a riƙa ganin tsohon aiki. Duhun an sake shi da layi 9 a santimita, hawa biyu kacal, gicciyen a karkace ba a miƙe ba. Ci minti 25. Hawa na uku da alƙalami za a yi shi, inda hannu ke da iko da zurfin kowane layi.

10 ga Disamba

Bugu na biyu. Duhu ya zauna. Da ɗan inuwar tsohon gyara a gefe ɗaya, hawa na uku zai rufe ta.

12 ga Disamba

Wasa alƙalamin ƙarfe ya cinye yinin. Sanda ce ta ƙarfe mai tauri, mai kusurwa huɗu, da ƙotar katako da ke zama a tsakiyar tafi. Cikinsa biyu a kwantar da su shar a dutsen wasa mai laushi da ɗigon mai, sannan goshin a digiri 45. Gwaji: a ɗora bakin a farcen babban yatsa. In ya kama, ya yi. In ya zame, a koma dutse.

Ba a tuƙa shi kamar biro. Hannun dama na turawa gaba kawai, hagu ke juya allon a kan matashin fata mai cike da yashi, lanƙwasa daga juyin allo take fitowa. Hannun hagu kada ya taɓa zama a gaban bakin. In yankan ya yi daidai, zaren jan ƙarfe zai riƙa nannaɗowa a gaba kamar ɓawon lemo, da 'yar ƙara siririya. In ya fara tsalle, baki ya dakushe. Ƙayar da ke tashi a gefen layi a share ta da makankari, in an bar ta za ta riƙe tawada ta yi gashi-gashi.

13 zuwa 20 ga Disamba

Atisaye a allo na biyu: layi miƙaƙƙe, da'ira, da layin da ke farawa siriri ya kumbura ya sake sirancewa. Baki ya karye sau biyu, duka saboda an nutsa shi da yawa sannan aka ɗaga kamar ana ɓanɓare ƙusa.

22 ga Disamba

Fuskar limamin. Kumatun da gajerun layuka masu bin zagayen fuska, da ɗigo a tsakaninsu inda haske ke shiga inuwa. Idon duka bai wuce yanka huɗu ba, amma nan hali yake: fatar idon ta sauko rabi, ba barci ba, gamsuwa. Yanka ɗaya ya ɗan yi sama sai mutumin ya koma mai mamaki, an danne da magogi an sake.

Wajen la'asar alƙalami ya kuɓuce ya ja ƙarce na santimita 2 daga kunci zuwa hular gashi. Bai yi zurfi ba. Makankari sau uku, magogi da mai, ya tafi, amma ya tafi da layuka biyar na kuncin, sai an maido su. Sababi: an yi awa ɗaya ba a koma dutse ba. Daga yau wasa duk minti 20.

27 ga Disamba

Kan mutumin da ya faɗi, da hannun mai kwalba. Hawa na uku na duhu ya kammala.

30 ga Disamba

Takarda da tawada. Takardar auduga mai nauyin giram 250 a kowace murabba'in mita, falle 10, naira 28,000. An gwada tawadar masu buga kalanda don sauƙin kuɗi, ba ta yi ba: danƙonta ya yi yawa, ba ta barin fuskar allo, in an matsa da goge ta fito daga layin gaba ɗaya. An sayi ta wannan aikin, ƙaramin gwangwani naira 21,000. Kuɗin da aka kashe zuwa yau 125,000.

Jiƙon minti 30 a baho bai wadatar ba a wannan iskar. Kafin a gama goge allo gefunan takarda sun bushe, bugu ya fito da tsakiya baƙi, gefe a tsattsage. Magani: a jiƙa da yamma, a tsane, a jera cikin leda a ɗora katako, ta kwana. Da safe ta yi laushi har ciki, ba ƙyallin ruwa a fuska. Ba a fitar da falle sai allo na kan injin.

Tawada na daskarewa da sanyin safe. A ɗumama allo kaɗan, a ƙara ɗigo 3 na dafaffen man linsid a cokali ɗaya. A cusa da ɓallen kwali, a goge da tsumma mai sitati a zagaye ba dannawa, a ƙarasa da gefen tafi da ɗan alli. Kwanon da farar riga a bi su da takarda siririya su yi fes.

3 ga Janairu

Rubutun ƙasa. A irin waɗannan zanuka ana sa gajerun kalmomin Latin da ke nuna wanda ya ƙirƙira, wanda ya yi da fenti, da wanda ya yanka allo. A nan an rubuta cewa kwafi ne daga Hogarth, da shekarar da aka yi shi, don kada wata rana wani ya ɗauke shi tsohon bugu. Wannan zanen na cikin waɗanda aka fi sata a zamaninsa, har a jikin kwanonin barasa da kofuna da gwangwanin taba aka riƙa sa shi. Irin wannan satar ce ta sa ya haɗa kai da wasu masu zane suka nemi doka, majalisar Birtaniya ta yi ta a 1735, ta ba mai zane kariyar shekara 14. Ya riƙe fitar da A Rake's Progress har ranar 25 ga Yuni da dokar ta fara aiki.

Rubutu a juye ya fi fuska wuya. Harafin S ya fito daidai a allo, wato a juye a takarda. An kankare an sake.

5 ga Janairu

Bugu 12, an ajiye 8. Biyu an goge su fiye da kima duhu ya yi fari, ɗaya takarda ta motsa, ɗaya da tabon yatsa. Suna tsakanin takardun tsane ruwa a ƙarƙashin katako, ana sauya takardun kullum, kwana biyar.

In aka jera da na asali, tufafin sun yi kusa, duhun ma ba laifi. Fuskar mai kwalba ce ta gaza: tasa ta Hogarth ta saki gaba ɗaya, tamu kamar mai jin haushi. Layukan gefen baki sun yi zurfi da yawa.

8 ga Janairu

Tsohon ruwan ci yana ɗauke da jan ƙarfe narkakke, ba a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya. An juye a jarka an rufe, zai ƙara aiki. An shafa wa allon man jeli an naɗe a takarda don kada ya yi baƙi.

Mataki na gaba: gyara bakin mai kwalba, sannan sabon allo daga zanen Night, na ƙarshe a jerin Four Times of the Day na 1738. Titi ne kusa da Charing Cross a Landan, ga keken doki ya kife, ga wuta a tsakar hanya, ga wani babba a buge ana rako shi gida, an juye masa tukunyar fitsari daga taga. Wahalarsa haske ne daga wurare da dama, ciki har da wata, wutar titi, da fitilar mai rakiya. An ajiye wani zanensa, Gin Lane na 1751, sai bayan wannan, mutanen cikinsa sun yi yawa. Ana buƙatar allo mai santimita 25 da 30, alƙalami na biyu mai siririn baki, da falle 10 na takarda. Kafin a taɓa allon za a yi gwajin duhu uku a ɓalle, layi 8 da 9 da 10 a santimita, kowanne da ci na minti 20 da na 30.